Idan Manaɗin Tiyo Ya Ƙi Komawa

Ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, ƙaramar tankar gas ta gama juye wa janareton wata masana'anta mai a Sharaɗa. Yaron mota ya rufe bakin tiyo, ya zaga bayan mota ya ja liba, yana jiran ganga ta fara haɗiye tiyon kamar yadda ta saba. Shiru. Ya sake ja, famfo ya yi gurnani, ganga ta ɗan girgiza ta tsaya. Ga tiyo mita 30 kwance a ƙasa cike da mai, ga tirela a baya tana danna hon. Kafin direba ya sauko, 'yan kallo sun riga sun yanke hukunci: "Ai moto ne ya mutu, sai sabo."

Irin wannan hukunci shi ke cinye kuɗin masu motoci. Moto, wato ɗan injin da man haidrolik ke juyawa, yana cikin kaya mafi tsada a jikin manaɗin tiyo, shi ne kuma ake fara zargi, alhali sau da yawa lafiyarsa lau. Sai a kwance shi, a tafi Ƙofar Ruwa a samo na hannu, a ɗaura, ganga ta ci gaba da ƙin juyawa, domin tun farko birki ne a ɗaure, ko kuwa wani ɗan ƙarfe da bai wuce gaɓar yatsa ba ya karye. An bar jaki ana dukan taiki.

Manaɗin tiyo ba sabon abu ba ne. Kamfanin Hannay na jihar New York yana ƙera shi tun 1933, Reelcraft na Indiana ma yana ƙera shi, kuma tsarin bai canza sosai ba: ganga, sandar da take juyawa a kai, gwiwa mai juyawa wadda mai ke bi ya shiga tiyo ba tare da tiyon ya murɗe ba, sai abin da ke mayar da gangar. A wannan na ƙarshe ne suka rabu. Ƙananan da ake gani a gareji da jikin foklif, sifirin ne ke ja musu. Manyan da ke kan tankokin mai da motocin yashe magudanar ruwa da wasu motocin kashe gobara, moto ne. Ana son na haidrolik a tankar mai musamman saboda ba ya fitar da tartsatsi irin na moton lantarki.

Kafin a ɗauki sifana, a kashe inji, a kaɗa liba gaba da baya sau da yawa don matsin da ya maƙale ya sauka. Ba a laluben yoyo da hannu, da guntun kwali ake yi. Man da ke fitowa ta ƙaramar huda yana iya ratsa fata da matsin bar 7 kacal, alhali waɗannan injuna suna aiki da bar 100 zuwa sama. Tun 1937 aka fara rubuta irin wannan rauni a mujallar likitocin Amurka, a kan wani da man dizal ya huda wa yatsa. Wurin kan yi kama da cizon cinnaka, mutum ya goge ya ci gaba da aiki, bayan 'yan sa'o'i yatsa ya kumbura, wani lokaci sai an yanke. Wanda abin ya shafa asibiti zai nufa nan take, wurin likitan tiyata, ya kuma faɗi sunan man da ya shige shi.

Na sifirin: hannu ke gane ciwonsa

Sifirin ɗin manaɗi doguwar tsinkar ƙarfe ce mai faɗi, a naɗe cikin gwangwani kamar ta agogon bango na dā. Jan tiyo yana ƙara ɗaure ta, saki kuma tana warwarewa ta mayar da ganga. A gefe akwai faranti mai haƙora da 'yar sakata, su ke yin ƙas-ƙas-ƙas ɗin da ake ji. In aka tsaya a kan ƙarar, ganga ta kulle. In ana son sakinta, sai a ƙara ja kaɗan har ƙarar ta ɗauke, sannan a bar tiyo ya koma.

A nan ne ake samun laifin da ya fi kowane sauƙi kuma ya fi ba da haushi. Wani ya ja tiyo har ƙarshensa, sakata ta faɗa cikin haƙori, babu sauran ko taƙi ɗaya da za a ƙara ja don ta saki. Babu abin da ya lalace. Mutum ya sa safar hannu, ya riƙe gangar gam, ya ɗan juya ta zuwa ɓangaren fitar tiyo, wani ya ɗaga sakatar, a bar ta ta koma a hankali. In sakatar ce ta daskare da tsohon giris da ƙura, wanki da kananzir da ɗigon mai sun wadatar. Akwai kuma ɗan ƙaramin sifirin da ke tura ta, wanda kan tsinke, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

In tiyo yana komawa amma ya bar mita biyu ko uku suna reto, ƙarfin sifirin ne ya ragu. Dalilin da ya sa a ƙarshe ake ganin gazawar shi ne, a daidai lokacin sifirin ya kusa gama warwarewa, naɗin tiyo kuma ya yi kauri a kan ganga, don haka jan ya fi wuya. Maganinsa: a jawo tiyo kaɗan, a kulle sakata, a ɗauki tiyon da hannu a ƙara masa zagaye ɗaya a kan ganga, a saki a gwada. In bai isa ba a ƙara ɗaya. Amma bayan haka dole a ja tiyon gaba ɗaya a tabbatar ganga na da sauran juyi. In ta cije kafin tiyo ya ƙare, sifirin ya matse ke nan, kuma kwanansa ya kusa.

Wanda ya karye ba ya ɓuya. Ganga na juyawa sakayau, babu turjiya ko kaɗan, wani lokaci da ƙarar gogar ƙarfe a cikin gwangwanin. Galibi yakan karye ne a bakinsa na ciki ko a ƙugiyar waje, kuma babban mai karya shi shi ne yaron da ke sakin tiyo daga nesa ya tafi da gudu ya bugi ganga. Kai shi wurin mai walda ɓata lokaci ne, domin wuta na kashe taurin ƙarfen, ya sake karyewa a gefen ɗinkin. Buɗe gwangwanin kuwa ganganci ne: ƙarfe mai kaifi mai tsawon mitoci da yawa, in ya kufce, fuska yake nema. Ana sauya shi ne da gwangwaninsa.

Sai wata tambaya da ba a cika yi ba: yaushe aka canza tiyon? In na asali mai saƙar waya ɗaya ne, wanda ke ɗauke da lambar SAE 100R1, aka maye shi da mai saƙa biyu, 100R2, ko aka ƙara masa tsawo, an ɗora wa sifirin nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba. Komai yawan zagayen da aka ƙara, ba zai koma daidai ba.

Na moto: a raba gardama gida biyu

A koma kan tankar. Ƙarfin da ke juya gangarta ya yi tafiya mai nisa kafin ya iso: daga inji zuwa giyabos, daga nan giyar PTO ta juya famfo, famfo ya tura mai ya wuce bawul ɗin rage matsi, ya shiga bawul ɗin da liba ke sarrafawa, ya ratsa bawul ɗin daidaita gudu, ya shiga moto, moto ya ja sarƙa, sarƙa ta juya ganga. A ko'ina cikin wannan layi ana iya samun cikas, kuma makanike mai haƙuri ba ya bin su ɗaya bayan ɗaya da canje-canje. Yakan fara tambayar ko ciwon na ƙarfe ne ko na mai.

Tukuna ma, ido. Yawancin manyan manaɗai suna da birki da ake ɗaurewa da hannu, wasu har da fil da ke shiga ramin gefen ganga don kada ta warware a kan hanya. Direba ya ɗaure da safe, yaro bai sani ba. Akwai kuma ɗan bawul ɗin da ake buɗewa don ganga ta saki lokacin jan tiyo waje; in aka manta shi a buɗe, mai zai riƙa zagaye moto yana komawa tanki abinsa. A duba ko tiyo ya hau kan juna ya cusa tsakanin leɓen ganga da firam, ko wata mota ta taɓa gogar leɓen ya lanƙwashe. Duk wannan bai wuce minti biyu ba.

In ba a ga komai ba, a ɗauki alli a ja layi ɗaya daga kan sandar moto zuwa kan farantin haƙoran da ke jikinta, a tada inji a ja liba. In sanda ta juya, faranti ya tsaya, layin ya rabu, an gama bincike: ki ne ya yanke, ɗan ƙarfen nan da ke zaune cikin tsagar sanda. Gara shi ya karye da moto ya karye, don haka ba a maye shi da guntun rodi ko a walde farantin a jikin sanda, kamar yadda wasu ke yi don gaggawa.

In sandar ma ba ta juya ba, a kashe inji a cire sarƙa. Yanzu injin ya rabu biyu. A juya ganga da hannu. Mai lafiya tana tafiya sumul. In tana cijewa a wuri ɗaya a kowane zagaye, sanda ce ta lanƙwashe ko leɓe ke gogar firam. In tana gurza kamar dutsen niƙa, boris ne. In kuwa tana juyawa lafiya sai an buɗe mai cikin tiyo ta yi nauyi, gwiwa mai juyawa ce: robobin cikinta sun kumbura ko sun bushe, ko kuma wanda ya haɗa ta ya ɗaure ta da bututun ƙarfe kai tsaye maimakon guntun tiyo mai lanƙwasa, ya sa take ɗauke da nauyin gefe. Ana sayar da robobin nata daban, ba sai an sayi gwiwar duka ba.

Ganga lafiya? To ciwon na mai ne, kuma man da kansa zai fara ba da labari. A buɗe tanki a duba. In ya yi ƙasa, famfo iska yake zuƙa. In ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga. In yana kumfa, akwai wurin da iska ke kutsawa ta layin zuƙa. In ya yi baƙi yana ƙauri, zafi ya dafa shi. Famfon da ke kuka kamar an zuba masa tsakuwa yunwa yake ji, galibi rariyar cikin tanki ce ta toshe ko tiyon zuƙa ya motse.

Ƙasar Hausa ba ta yi wa man haidrolik sauƙi. Lambobin da ake gani a jikin jarka, 32 ko 46 ko 68, kaurin man ne a zafin digiri 40, wanda a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafin inuwa ne kawai a bazara, tun kafin inji ya fara aiki. Mai lamba 32 da injin ya zo da shi daga Turai yakan koma kamar ruwa da azahar, ya riƙa sulalewa ta cikin famfo da moto ba tare da ya tura komai ba. Shi ya sa manaɗin da ke aiki da safe ya ƙi da rana yake nuna abu biyu: mai ya tsinke, ko famfo da moto sun cinye. In zafin man ya haura digiri 82, robobi sun fara lalacewa ke nan. Da hunturu kuma ƙura ce. Ratar da ke cikin bawul 'yan maikron ce, gashin kan mutum kuwa yana kai maikron 70, ido ba ya ganin abin da ya gaza 40. Ƙurar da ke kashe bawul ba a ganinta ma, tana shiga ne ta murfin tanki da aka toshe da tsumma, da mazurarin da aka ajiye a ƙasa. Game da abin da ake zubawa in mai ya ƙare a hanya, baƙin mai da aka juye daga inji datti ne zalla, man birki kuwa, duk da shi ma aikin matsi yake yi, yana kumbura robobin da aka yi don man haidrolik.

Akwai wani tarko a injunan da ake haɗa layinsu da mahaɗin turawa, irin na tarakta. Mahaɗin yana da ɗan bawul a ciki wanda ba ya buɗewa sai ya zauna sosai. In na layin komawa ne bai zauna ba, mai zai shiga moto ya rasa mafita, moto ya sandare kamar an walde shi, in aka matsa kuma sil ɗin sandarsa ya fashe. Abin da ke hana shi zama sau da yawa rana ce: man da aka rufe cikin bututun ƙarfe yana ƙara matsin fiye da bar 10 a kowane digiri ɗaya na zafi. A sassauta noti a hankali, tsumma a kai, matsin ya fita, mahaɗin zai shiga da hannu ɗaya.

Yanzu sai geji, kayan aikin da gareji da yawa ba su da shi, alhali kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin moto ba. Abin da mai amfani da shi ya kamata ya riƙe shi ne, famfo ba ya yin matsi, mai kawai yake turawa. Matsi yana tashi ne in man ya gamu da turjiya. Yawan man da ke gudana shi ke ba da sauri, matsi shi ke ba da ƙarfi. Moton da ke shan cc 100 a kowane juyi, in aka ba shi lita 10 a minti, zai juya sau 100. In matsin ya kai bar 100, ƙarfin murɗarsa a lissafi ya kusa Nm 160. Don haka ganga mai tafiya a hankali amma da ƙarfi, mai ne ya yi mata kaɗan, a duba bawul ɗin daidaita gudu ko a ƙara wa inji wuta. Wadda ke gudu babu kaya ta tsaya in an ɗora mata tiyo, matsi ta rasa. Kayan kuwa ba wasa ba ne: tiyo mai faɗin inci ɗaya da rabi, mita 30, yana ɗauke da lita 34 na gas, kusan kilo 29, ban da nauyin robar da jan ƙasa.

A ɗaura gejin a bakin shigar moto, a mayar da sarƙa, a ja liba. In allura ta haura zuwa adadin da aka saita bawul ɗin rage matsi ta tsaya, ganga ba ta motsa ba, famfo ya yi nasa. Wani abu ne ya tare gaba: layin komawa a toshe, ko moton ya cije. In allura ta tsaya ƙasa, mai na zurarewa a wani wuri, ko bai iso ba. Don a gane inda yake, sai a cire layukan biyu daga jikin moto a toshe bakunansu da toshiyar ƙarfe, a ja liba na daƙiƙa biyu ko uku kawai, kuma wannan sai an tabbatar akwai bawul ɗin rage matsi tsakanin famfo da wurin, in ba haka ba wani abu zai fashe. In matsi ya tashi yanzu, moto ne ke yoyo ta ciki, 'yan kallo sun ci gaskiya. In bai tashi ba, moto ba shi da laifi, a koma baya.

A bayan kuwa, wanda aka fi kamawa shi ne bawul ɗin rage matsi. Ƙwayar datti ɗaya ta zauna a bakinsa ta hana shi rufewa, mai ya riƙa komawa tanki. Yana tona kansa da zafi: bayan minti kaɗan zai fi bututun da ke kewaye da shi ɗumi sosai, har da ɗan huci. A kwance shi a wanke, a duba sifirin ɗinsa. Abin da ba a yi shi ne a kama notinsa a yi ta ɗaurewa har ganga ta motsa. Wannan noti shi ke tsare tiyo da famfo da sil, kuma wanda ya ɗaure shi ba geji ya cire mai gadi ne ya bar ƙofa.

In maɓalli ake dannawa ba liba ba, a kira riwaya kafin a kwance komai. A danna maɓallin a kusantar da sukundireba kan notin kwayil ɗin bawul: in wuta na zuwa, maganaɗisu zai ja shi. In bai ja ba, fis ne ko waya ko kwayil, a kuma duba ba a sa na volt 12 a motar da ke da 24 ba. Yawancin waɗannan bawuloli suna da ɗan fil a ƙarshensu da ake turawa da ƙusa. In an tura ganga ta juya, ɓangaren mai lafiya yake.

Idan duk wannan ya wuce matsi bai tashi ba, saura famfo, ko PTO da bai shiga ba. In kuwa moton ne da gaske, kafin a tafi kasuwa a karanta farantin jikinsa. Yawancinsu irin mai juyi a hankali ne da ƙarfi, wanda Char-Lynn ta Amurka da Danfoss ta Denmark suka yi suna da shi, kuma masu kama ɗaya a ido suna iya bambanta sosai a ciki. Wanda ya sa mai cc 50 a gurbin mai 100 ya samu ninkin sauri da rabin ƙarfi, ganga za ta fizgi tiyo da farko ta tsaya a tsakiya. A kuma zubar da tsohon man a canza filta, domin garin ƙarfen da tsohon moto ya bari yana nan yana yawo, sabon zai fara sha.

Tirelar nan dai tana jira, kuma ba a yin wannan bincike a bakin ƙofar mutane. Manyan manaɗai da yawa suna zuwa da hannun juyawa na ko-ta-kwana, wanda galibi ke kwance ƙarƙashin kujerar direba ba wanda ya san amfaninsa. A kashe PTO, a buɗe bawul ɗin sakin ganga ko a cire sarƙa, domin moton da mai ya kulle ba ya juyuwa da hannu. Mutum ɗaya ya juya, ɗaya ya riƙa jera tiyo layi-layi da safar hannu, yatsunsa nesa da rola. A zare hannun juyawar kafin a sake tada inji, don in moto ya farfaɗo yana jiki, zai zagayo da ƙarfin da ke karya tsintsiyar hannu. In an isa gareji an gyara, a ja tiyon gaba ɗaya cike da mai a naɗe shi sau uku, na ƙarshe bayan man ya yi zafi, sannan a rubuta matsin da geji ya nuna da fenti a jikin firam, tare da lambar man da aka zuba da kwanan wata.